Jar Fitilar da Ba Ta Barci: Inda Katin Wutar Gidan Yaya Yake Zurarewa

A kan caja rigimar ta fara. Wata Juma'a da yamma na je gaida Hajiya, na tarar da Yaya tsaye a tsakar gida riƙe da cajar waya uku, yana yi wa yara faɗa kamar ya kama su da hannu a tukunya. Katin naira 80,000 da ya zuba a mita farkon wata ya kusa ƙarewa, ga shi ana tsakiyar hunturu, babu mai kunna esi, fanka ma sai wanda ya ga dama da rana tsaka. Abin da idonsa ke gani kullum shi ne cajojin da ake bari a soket, don haka su ya kama. Bayan caja kuma sai mita. Ya riga ya yanke mata hukunci cewa gudu take yi, har ya sa ranar Litinin zai je ofishin masu wuta ya kai ƙara.

Ni ba injiniya ba ne, malamin kimiyya ne a sakandare. Na ce, "Yaya, ka ba ni dare ɗaya kafin ka je ka tayar wa mutane da hankali." Ya ce in dai ba kuɗi zan sa shi kashewa ba, in yi abin da zan yi.

Gidan a Kano yake, mutum tara ne a ciki: Yaya da matarsa da yara biyar, sai Hajiya a sashenta da yarinyar da ke kwana da ita. Akwai firji da firiza, esi biyu, talabijin biyu kowace da dikodarta, injin jawo ruwa, dutsen guga, hitar dafa ruwan wanka, na'urar intanet, da inbata mai batir biyu da aka haɗa tun lokacin da wuta ke wuya a unguwar. Ba gidan attajiri ba ne. Gidan ma'aikaci ne da ya tara kaya ɗaya bayan ɗaya cikin shekara goma sha, rabinsu na hannu.

Abin da ya sauya wa gidan lissafi ba a cikin gidan ya faru ba. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa ta sanar da ƙarin kuɗi ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana. Yunit ɗaya ya tashi daga wajen naira 68 zuwa naira 225. A watan Mayu aka ɗan sassauta zuwa naira 206.80, daga baya ya sake motsawa kaɗan. In ka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, abin da ke fita daga aljihu a kan kowane yunit a lokacin yana kewayen naira 225 ɗin dai. Da wannan farashi zan yi duk lissafin da ke tafe. Layin unguwar Yaya na cikin rukunin A, saboda haka 80,000 ɗinsa tana ba shi yunit 355 ko kusa da haka.

Sai dai kuɗin wuta ya ninka uku, ɗabi'ar gida ba ta motsa ba. Mu da muka tashi a zamanin takardar ƙiyasi mun san yadda abin yake: ko ka kashe ƙwai ko ka bar shi ya kwana, abin da za a rubuto maka ƙarshen wata shi za a rubuto. Wutar ma ba ta zama, balle a yi tunanin tattalinta. In an kawo, kowa ya ruga ya jona abin da zai jona kafin a ɗauke. Mutumin da ya shekara talatin a haka ba rana ɗaya zai koyi cewa yanzu wutar tana nan kusan kullum, kuma kowane abu da ke jone yana da awa 20 na tsotso.

Daren da muka zauna gaban mita

Mitar gidan a bangon zaure take. A fuskarta akwai 'yar jar fitila mai ƙyaftawa, kusa da ita an rubuta 1000 imp/kWh. Mutane da yawa na ganin rubutun nan ba su san amfaninsa ba. Ma'anarsa, fitilar za ta ƙyafta sau 1,000 kafin yunit ɗaya ya ƙare. To in ka ƙirga daƙiƙa nawa ke tsakanin ƙyaftawa biyu, ka raba 3,600 da wannan adadin, ka samu wat nawa gidan ke ja a wannan lokacin (wat shi ne ma'aunin ƙarfin wutar da kaya ke ja). Wasu mitocin 1600 ko 3200 aka rubuta musu, sai a gyara lissafin daidai da haka.

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, bayan yara sun kwanta, muka kashe duk ƙwayaye da fankoki. Muka zare firji da firiza daga soket, tun da minti ashirin ba zai ɓata nama ba. Talabijin duk an kashe su da rimot kamar yadda aka saba. Wuta ta yini tun safe, don haka batir ɗin inbata sun cika. A ganin kowa, babu abin da ke kunne a gidan. Na haska fitilar waya, Yaya ya riƙe agogo.

Fitilar ta ƙyafta. Muka ƙirga. Daƙiƙa 24, ta sake. Muka maimaita sau biyar, ba ta kauce daga 24 zuwa 25 ba. Wat 150 ke nan, a gidan da kowa ke barci cikin duhu.

Yaya ya ce, "Ka gani ko? Ai na faɗa maka gudu take."

Na ce ya je ya sauke babban makunnin gidan gaba ɗaya. Ya sauke. Muka tsaya minti uku, fitilar ko motsi. Mitar da ke ƙirga ƙarya ba ta jiran a ba ta kaya. Ya mayar da makunni, ta ci gaba da ƙyaftawarta. Daga nan bai ƙara zancen ofis ba.

Muna nan tsaye sai abin mamaki ya faru. Fitilar ta ɗauki sauri, ƙyaf, ƙyaf, duk daƙiƙa biyar ko shida, kamar an kunna dutsen guga. Muka bi ɗaki-ɗaki babu wanda ya farka. A lungun falo muka ji wani ɗan sauti kamar tukunya na shirin tafasa. Na'urar ruwan sha ce, mai famfo ja da shuɗi. A bayanta akwai wani jan makunni da ba wanda ya taɓa tun ranar da aka kawo ta. Aikinta ta tafasa ruwa, ya huce, ta sake tafasawa, dare da rana, don wani ya zo ya haɗa shayi ƙarfe biyu na dare. Bayan 'yan mintoci ta yi shiru, mita ta koma tafiyarta ta 24.

Mun kashe ta, mun ci gaba da neman 150 ɗin. Na sa Yaya ya kashe makunnin bango na esi biyun nan, waɗanda rabon da a kunna su tun watan Nuwamba. Tazara ta koma daƙiƙa 34. Wato wat 45 sun fita daga lissafi a taɓawa biyu. Kowane esi yana da tasa babbar sitabilaiza, kuma ko da esin a kashe yake, sitabilaizar na nan a raye, lambobinta na haske, tana 'yar ƙara a hankali wadda kunne ya saba da ita har ya daina ji. Na ce Yaya ya ɗora tafin hannu a kanta. Da ɗumi, a daren da mutum ke neman bargo biyu.

Ɗumin nan shi ne shaida mafi sauƙi, ba ya buƙatar na'ura. A cikin sitabilaiza akwai tiransifoma, ƙarfe ne da aka naɗe da waya. Muddin wuta na shiga, ƙarfen na ta zama maganaɗisu yana sakewa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan kai-komo yana fita a matsayin zafi ko an ɗora mata kaya ko ba a ɗora ba. Zafin kuwa daga katinka aka saye shi. Duk abin da ka ce a kashe yake amma ka taɓa ka ji ɗumi, yana ci.

Ƙananan kaya ba sa aunuwa da kyau ta hanyar ƙirga ƙyaftawa, don bambancin wat uku ko huɗu kan ɓace a cikin kuskuren agogo. Washegari na aro wata 'yar na'ura wurin abokina mai haɗa sola, irin wadda ake jonawa a soket sannan a jona kaya a jikinta ta nuna wat. Na fi yarda da ita a kan awon amfiya da masu gyaran wuta ke yi da abin matse waya, domin a kayan da ke da tiransifoma, in ka ninka amfiya da bolt 230 na wutar gida, za ka samu adadin da ya fi abin da mita ke caja nesa ba kusa ba.

A falo, sitabilaizar talabijin ita kaɗai wat 12. Dikoda, a kashe da rimot, 14. Da muka kunna ta, abin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba. Wannan ya ba Anti, matar Yaya, haushi ƙwarai, don ita ce ke bin yara kullum dare tana cewa a kashe dikoda. Ashe rimot hoto kawai yake ɗaukewa. Akwatin yana nan ido biyu, yana tura wuta zuwa ɗan kan da ke gaban faranti a saman rufi, yana sauraron saƙon kamfani. Barcin zomo yake yi. Amfilifaya da sifikokinta, ta hannu ce, wat 9. Sabuwar talabijin mai faɗi kuwa, wadda ta fi kowa girma a ɗakin, ba ta kai wat ɗaya ba.

A sashen Hajiya, ƙaramar dikoda 8, tsohuwar talabijin 6. A kicin, na'urar ɗumama abinci tana cin 3 don ta nuna agogon da kullum ba daidai yake ba, tun da duk ɗaukewar wuta sai ya koma sifili. Na'urar intanet 7. Inbata, batir a cike, babu abin da take yi sai jira, wajen 40.

Cajoji fa? Na tattaro bakwai, har da ukun da Yaya ya ƙwace, na jera su a ekstenshan ɗaya ba waya a jikinsu. Duka bakwai ɗin ba su kai wat 2 ba.

Ga lissafin da na rubuta masa a bayan ambulan. Wat ɗaya da aka bari awa 20 a rana, kwana 30, ya zama yunit 0.6, wato naira 135 a wata. Cajojin da aka yi wa yara faɗa a kansu, naira 270 ne a wata, bai kai kuɗin adaidaita sahu daga gidan zuwa Sabon Gari ba. Wat 150 kuwa yunit 90 ne, naira 20,250. Kashi ɗaya cikin huɗu na katin wata yana tafiya ba wanda ya ga haske, ba wanda ya sha iska. Kuma fiye da rabin wannan, sitabilaiza uku da inbata ne, kayan da aka saya da kuɗi don kare gida daga rashin kyan wuta. Ana zaton wuta a maƙera, ta tashi a masaƙa.

Me ya sa sabuwar talabijin ta fi tsohuwa kunya

Bambancin da ke tsakanin talabijin ɗin falo da ta Hajiya ba sa'a ba ce, doka ce ta wata ƙasa ta biyo kaya har Kano. Tun a shekarun 1990 wani masani mai suna Alan Meier, na ɗakin binciken Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya a Amurka, yake auna wutar da kaya ke sha suna kashe, yana kiran a tsayar da ita a wat ɗaya. A 1999 Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta ɗauki wannan kira a matsayin shiri. A 2001 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a umarnin da ya ce ma'aikatun gwamnatin Amurka su riƙa sayen kayan da ba su wuce wat ɗaya a zaman jira ba. Tarayyar Turai ta yi doka a 2008: daga 2010 yawancin kayan gida kada su wuce wat ɗaya in an kashe su, daga 2013 kuma rabin wat. Masu ƙera kaya ba sa son yin layi biyu a masana'anta, don haka har mu da ba a yi dokar dominmu ba muka ci moriya. Cajar zamani shi ya sa ba ta ɗumi in ba waya a jikinta, saɓanin tsofaffin nan masu nauyi na farkon zuwan salula.

Amma akwai inda abin ya juya mana baya. Kayan da aka ƙera kafin dokar, da Turawa suka gaji da su, su ne suka cika kwantena suka zo mana da sunan ɗan Beljiyam. Muna yabonsu da ƙarko, kuma da gaske suna da shi. Amfilifayar Yaya ta girmi babbar 'yarsa, har yau ba ta taɓa zuwa wurin mai gyara ba. Ƙarkon nan dai yana nufin za ta daɗe tana cin naira 1,200 duk wata tana zaune.

A ƙasashen da suka ci gaba, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na wutar gida ke tafiya a zaman jira. Gidan Yaya ya ninka haka, kuma dalilin a fili yake. Baturen Jamus ba ya sayen sitabilaiza, ba ya ajiye batir a ƙarƙashin matakala. Duk shawarar da aka rubuta domin gidansa za ta yi ta zancen caja da kwamfutar wasan yara, ta tsallake manyan ɓerayen da ke namu rumbun.

Abin da aka canza, da abin da ya gagara

Na esi ya fi sauƙi. Makunni na nan a bango, an kashe, shi ke nan sai bazara. Yunit 27 a wata, sama da naira 6,000, ba a kashe ko kwabo ba. A nan soket ɗinmu irin na Ingila, mai ƙafa uku da makunni a jiki, ya yi mana rana. Ba sai an zare filogi ba, dannawa ce kawai.

Na falo ya ɗan ba da wahala. Soket ɗin yana bayan katakon talabijin, sai mutum ya durƙusa ya zura hannu cikin ƙura da wayoyi. Na san in aka bar shi haka, kwana uku za a yi a daina. Abin da ke buƙatar durƙuso kullum dare ba ya zama ɗabi'a. Muka kira mai wayarin ya fito da makunni ɗaya kusa da ƙofar falo, daidai kafaɗa, wanda ke yanke sitabilaiza da talabijin da dikoda da amfilifaya a lokaci guda. Kaya da aiki naira 12,000. Wat 36 ne a rukunin, kuma in an cire awannin kallo, ana samun kamar awa 14 a rana da suke zaman banza. Yunit 15 ke nan a wata, kuɗin aikin ya dawo cikin wata huɗu. Na'urar intanet muka ware ta daban muka bar ta, don da ita babban yaron ke karatu, ita kuma ke riƙe da WhatsApp ɗin gida duka. Naira 945 a wata, aikinta ya fi haka.

Dikoda na da nata halin. In an yanke mata wuta gaba ɗaya, sai ta ɗauki minti ɗaya ko biyu tana lalube kafin hoto ya fito, kuma ranar da aka biya kuɗin wata dole a bar ta a kunne har tashoshi su buɗe. Yara sun yi ƙorafi mako guda, musamman ranar ƙwallo, daga baya suka koyi danna makunnin tun kafin su zauna.

Na'urar ruwan sha kuwa Anti ce ta warware. Ta ce ba za ta koma hura gas da asuba don ruwan shayi ba, amma za ta kunna jan makunnin in ta tashi salla, kafin a gama lazimi ruwa ya yi zafi, ta juye a filas ta kashe. Da na auna na'urar yini da kwana kafin wannan canji da bayansa, bambancin ya kusa yunit ɗaya a rana. Wannan ba ya cikin 150 ɗin farko, ƙari ne a kai.

Sai sashen Hajiya. Na shiga bayan la'asar, na zauna a ƙasa, na yi bayani dalla-dalla, har da naira 1,890 da kayanta biyu ke ci a wata. Ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "To Malam, na ji karatu. Ni da asuba nake kunna tashar Makka in ga ɗawafi. Da rimot nake kunnawa ina kan sallaya. Yanzu so kake in tashi da gwiwar nan in je bango, in dawo in zauna ina kallon allo yana juyi?"

Na ce, "Allah ya ƙara muku lafiya, ai yarinyar nan za ta iya kunna muku."

"Yarinyar da sai na yayyafa mata ruwa take tashi? Je ka faɗa wa yayanka, in kuɗin ne ya yi masa yawa, ya cire a na goro."

Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Da na kai masa saƙon, dariya ya yi ya ce ko dubu goma ce a bar mata. Ni ma ban ga laifin hakan ba. Wat 14 da ke sa tsohuwa ta ga Ka'aba ba tare da ta wahalar da gwiwa ba, ba asara ba ce, sayen sauƙi ne, kuma yanzu an san farashinsa.

Inbata ita ce ta fi ci mini rai, don ita ce babba a cikin waɗanda suka rage, naira 5,400 a wata, kuma ba mu iya yi mata komai ba. Layin fitilu da na falo ta cikinta suke bi. In an kashe ta, ranar da aka ɗauke wuta da dare gida zai faɗa duhu sai wani ya laluba ƙarƙashin matakala. Batir kuma irin na ruwa ne, ba ya son a bar shi ba caji, lalacewarsa ta fi kuɗin wutar tsada sau da yawa. Abokina mai sola ya duba ta ya ce tsohon ƙira ce mai nauyin tiransifoma, haka halinta yake. Shawararsa, ranar da za a sauya, kafin a tambayi ƙarfinta a tambayi nawa take ci in ba kaya, a kuma sa mai shago ya jona ta a auna a gabanka.

A wajen inbatar ne kuma muka ga wata riba da ba mu nema ba. Batir biyu masu 200Ah a kan bolt 12 suna ɗauke da yunit 4.8 a takarda, amma in ana son su yi rai, rabi ake sha, wato 2.4. Kafin gyara, in aka ɗauke wuta da dare, kayan falo da na Hajiya da na'urar intanet suna jan kusan wat 60 daga batir, ga abin da inbatar ke ci don kanta. Cikin awa takwas, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ake iya sha ya tafi, kowa na barci. Yaya ya daɗe yana cewa batir ɗin sun tsufa, ba sa kai asuba. Bayan makunnin bakin ƙofa, suna kaiwa. Wata ribar kuma, kayan da aka yanke daga bango ba ruwansu da irin wutar nan da kan dawo da ƙarfi ta ƙona allo.

Mako biyu bayan haka muka sake tsayawa gaban mita da dare, firji da firiza a zare kamar farko. Tazarar ta koma daƙiƙa 54 zuwa 55, wato wajen wat 66. A takarda, esi da falo da kicin sun ba da yunit 44, na'urar ruwa ta ƙara kusan 25. A aikace, katin 80,000 da ke yin kwana 30 ya yi 37. In ka mayar da shi kuɗi, kamar naira 15,000 ne a wata. Ba zan rantse cewa kowace naira daga gyaranmu ta fito ba, domin awannin wuta ba sa zama daidai wata da wata, sanyi ma ya fara raguwa, an rage dafa ruwan wanka. Amma awon dare ba ya dogara da yanayi, kuma shi ya faɗi daga 150 zuwa 66.

Wannan lissafi na gidan da ke rukunin A ne, mai mita, mai tarin kaya. Wani abokin aikina ya ji labari ya ce zai yi irinsa. Unguwarsu awa 12 suke samu in an yi kirki. Na ce masa ko da gidansa na zubar da wat 150 ɗin, yunit 54 ne a wata, in yunit ɗinsa naira 60 ne, abin bai wuce 3,240 ba, kuma da wuya ya kai haka tun da ba shi da esi ba shi da inbata. Ya yi, amma kada ya kira mai wayarin. Wanda kuma ba shi da mita, ana kawo masa takardar ƙiyasi, ko ya kashe komai ya kwana a duhu aljihunsa ba zai ji ba. Nasa maganin, neman mita tukuna.

Da bazara ta shigo, Maris zuwa Mayu, lissafin ya sake kama wata hanya. Esi biyu na aiki dare, katin wata ya haura ninki biyu, kuma abin da zaman jira ke ci ya koma ɗan ƙaramin yanki a ciki. A lokacin, ɗaga esi daga digiri 16 zuwa 24 da rufe tagogi ya fi duk abin da na rubuta a sama tasiri. Sitabilaizar esi kuma aka koma barinta a kunne da rana don mantuwa. An naɗa 'yar shekara goma sha ɗaya ta gidan sarauniyar soket, da albashin naira 500 a mako, aikinta zagaye ɗaya bayan an tafi makaranta da ɗaya kafin barci. Ta riƙe aikin da gaske har ta tafi hutu gidan kakanninta, mako uku ba wanda ya gaje ta.

Ranar da ta dawo na je gidan. Ta tare ni tun daga zaure ta ce, "Baffa, zo ka taɓa ka ji," ta ja ni ɗakin babanta ta ɗora hannuna a kan sitabilaiza. Da ɗumi. Ta danna makunni, ta juya ta nufi falo. Muna fitowa muka ci karo da Yaya a baranda, ya sunkuya yana zare wata caja daga soket.